Ɗan Jarida Da Ƙaryar Da Ke Yawo Cikin Waya: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Wannan 'yar takarda an shirya ta ne musamman domin hakimai da malamansu, da dukan wanda ke riƙe da alƙalami a ofishin gunduma. Nufinmu mu bayyana abin da 'yan jarida ke yi in labarin ƙarya ya ɓarke a kafofin sada zumunta, watau irin su Facebook da WhatsApp da TikTok, mu kuma nuna inda aikin nan nasu ya rataya a wuyanku. Gama ko da yake ɗan jarida shi ne mai bugawa, sau da yawa abin da zai buga ɗin yana bakin hakimi, ko kuwa yana cikin kundin malaminsa.

Jita-jita ba baƙuwa ba ce

Kada a zaci wayar hannu ce ta kawo ƙarya ƙasar nan. Tun zamanin kakanni jita-jita na bin fatake da 'yan koli, tana kwana a zango, tana cin kasuwa ranar kasuwa. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta raɗe-raɗi a Arewa wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus, hankalin mutane ya tashi. Kwantar da irin wannan magana yana cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Ashe ke nan aikin jarida da Hausa tun farkonsa da yaƙi da ƙarya ya soma.

Da yawa daga cikinku kuma sun ga abin da ya faru a 2003, sa'ad da magana ta bazu wai ɗigon rigakafin shan-inna yana hana haihuwa. Aka tsai da aikin a Kano wajen shekara guda, ba a koma ba sai ƙarshen watan Yuli na 2004, cutar kuwa ta sami sarari ta tsallaka ƙasashe da dama. Ba a shawo kan al'amarin sosai ba sai da sarakuna da hakimai da dagatai suka shiga da kansu, suna ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a.

To, me ya sāke yau? Dā labari da ƙafa yake tafiya. Kafin ya tashi daga wannan gari ya isa wancan ya kwana biyu ko uku a hanya, wataƙila ma ya gamu da wanda ya san gaskiyarsa ya tare shi. Yanzu kuwa kafin a ɗaura wa doki sirdi ya kewaye lardi. Sa'an nan ba ya zuwa hannu rabbana, da hoto yake zuwa, mutane kuwa sun saba cewa gani ya kori ji. Abin da ya fi duka wuya shi ne wanda ya aiko maka da shi ba baƙo ba ne, ƙanenka ne, ko surukinka, ko abokin karatunka na allo, wanda ba ka taɓa kama shi da ƙarya ba. Shi ma ba ƙarya ya yi niyya ba, turo masa aka yi ya tura. Ba a ma bukatar iya karatu, domin saƙon murya ya wadatar, tsohuwa a cikin ɗaki tana jinsa da Hausarta.

Daren gishiri

A watan Yuli na 2014 wani matafiyi ya shigo Ikko daga Laberiya da cutar Ebola. Tsoro ya kama ƙasa duka. Cikin makon farko na watan Agusta, da dare ɗaya, sai saƙo ya bi wayoyi yana cewa kowa ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin gari ya waye, ya kuma sha, wai shi ne makarin cutar. A wasu wurare har an jingina maganar ga sunan wani babban basarake don ta yi nauyi. 'Ya'ya na birni suka yi ta bugo wa iyaye na ƙauye waya da asuba. Kafin Ministan Lafiya da gidajen rediyo su ƙaryata, mutane da yawa sun riga sun sha. An ba da rahoton mutuwar mutum 2 aƙalla, an kwantar da kimanin 20 a asibiti, gama gishiri mai yawa guba ne ga mai hawan jini.

Ku dubi wannan lissafi. Ebola kanta mutum 20 ta kama a Nijeriya, 8 suka rasu, duka a Ikko da Fatakwal, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙasar ta rabu da ita ran 20 ga Oktoba na 2014. Cutar ba ta tako Arewa ba, amma ƙaryar da aka yi a kanta ta shiga kusan ko wane gida.

Abin da ya faru a Filato

Wannan misali ya fi na gishiri ɗaci, ya kuma fi shi koyarwa, saboda haka za mu ɗan dakata a kansa.

Ran 23 ga Yuni na 2018 an kai hare-hare a ƙauyukan gundumar Gashish, cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi. Kisan gaskiya ne, ba shaci-faɗi ba. 'Yan sanda sun fara ba da adadin mutum 86, daga baya adadin ya ƙaru ƙwarai. Amma tun a ranar, kafin wani ya san iyakar abin da ya auku, sai hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook, ana cewa ga abin da ake yi a Gashish yanzu yanzu. Akwai hoton jariri da raunuka a kansa, akwai na wani mutum da aka sassare. Kashegari samari suka tare hanyoyi a wajen Jos, suna fitar da matafiya daga mota. Mutum 11 aka kashe a ranar, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

'Yan jaridar sashen bincike na BBC suka bi diddigin hotunan nan ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar hoton jaririn ya riga ya fito a Facebook watanni kafin rikicin. Na mutumin da aka sassare kuwa ba ma a Nijeriya aka ɗauke shi ba, a Kongo Barazabil ne, tun 2012. 'Yan sandan Jihar Filato da kansu sun ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya.

Akwai abu biyu da ya kamata mai mulkin jama'a ya lura da su a nan. Na farko, ƙaryar da ta fi kisa ba ita ce wadda aka ƙaga daga tushe ba. Ita ce wadda ta hau bayan gaskiya. An yi kisa, wannan babu shakka. Sai aka ɗauko hoton wani wuri aka ɗora a kai, mai kallo kuwa ba shi da hanyar rarrabe wanne ne na nan, wanne ne na can. In ka ce masa hoton ƙarya ne, sai ya ji kamar kana musun mutuwar 'yan'uwansa.

Na biyu shi ne lokaci. Binciken nan na BBC, duk da kyansa, a watan Nuwamba ya fito, wata biyar bayan an binne mutane. Ya amfani masu neman sanin abin da ya faru, amma bai ceci ko mutum ɗaya daga cikin 11 ɗin nan ba. Ni a ganina nan ne gaɓar maganar duka. Gaskiyar da za ta hana zubar da jini ita ce wadda ta fito kafin la'asar ɗin ranar, ko da ba ta cika ba. Irin wannan kuwa ɗan jarida ba ya samunta shi kaɗai daga ofishinsa na Abuja ko Kaduna, sai da wanda ke zaune a wurin.

Yadda ake bin sawun labari

Malaman hadisi sun daɗe da wata ƙa'ida, ba su karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, har a kai ga tushe. Aikin ɗan jarida mai tantancewa bai yi nisa da wannan ba. In saƙo ya zo masa, tambayarsa ta fari ba ita ce ko abin zai yiwu ba. Tambayarsa ita ce, wa ya fara faɗa, yaushe, a ina yake tsaye sa'ad da ya gani?

In hoto ne, akwai na'urorin bincike a intanet, irin su Google Lens da TinEye, waɗanda in aka saka musu hoto sai su fito da sauran wuraren da ya taɓa bayyana, da kwanan watansu. Kamar dai yadda ake kai saniyar da ake tuhuma kara, a duba shaidar da ke jikinta, a tambayi dillalai ko sun taɓa ganinta. In hoton da aka ce na jiya ne ya bayyana a wata jarida ta wata ƙasa shekara shida da suka wuce, magana ta ƙare. In bidiyo ne, sai a yanka shi hoto hoto a yi masa haka nan.

Bayan wannan sai duban ido. Lambar motar da ke cikin hoton ta wace ƙasa ce? Kakin ɗan sandan irin namu ne? Rubutun allon kanti da wane harshe aka yi shi? An ce da rani abin ya faru, me ya sa dawa ta yi kai a bayan mutanen? Wane irin harshe ake ji a bayan mai magana? A nan sau da yawa malamin hakimi ya fi ɗan jarida ido, domin shi ya san ginin ƙasarsa, ya san babu dutse irin wannan a gundumarsa, ya san kasuwar garin ba ta da rumfunan kwano.

Wani lokaci dabarar maƙaryacin ƙarama ce ƙwarai. Bayan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi doguwar jinya a Landan a 2017, aka yi ta yaɗa cewa ya rasu, wai wani mutumin Sudan mai suna Jibrin ne aka kawo yake zaune a madadinsa. Cikin hujjojin da aka kawo har da hoton da ya nuna shi yana rubutu da hagu. Masu bincike suka gano hoton juya shi aka yi, kamar yadda madubi ke juya mutum. Duk da haka maganar ta yi ƙarfi har sai da shi da kansa ya tanka ta a ƙasar Folan a watan Disamba na 2018. Yanzu kuma an sami na'urori masu ƙirƙirarriyar basira da ke iya kwaikwayon muryar mutum. Gab da zaɓen 2023 an yaɗa wata murya da aka jingina ga wani ɗan takarar shugaban ƙasa wai yana shirya maguɗi, masu tantancewa suka bincika suka ce haɗa ta aka yi. Saboda haka jin muryar da ka sani a waya bai zama hujja ba kuma.

Amma duk waɗannan na'urori iyakarsu su nuna hoto tsoho ne ko an taɓa shi. Ba su iya faɗin ko an sace yara a makarantar gari kaza yau da safe, ko rijiyar ƙauye kaza an zuba mata guba. Wannan sai an tambayi mutum. Ɗan jarida zai bugo wa baturen 'yan sanda, da shugaban ƙaramar hukuma, da malamin asibiti, da hakimi. Ƙa'idar aikinsa ita ce kada ya dogara da baki ɗaya, sai ya ji daga biyu ko uku waɗanda ba su haɗa baki ba.

Akwai ƙungiyoyin da wannan ne aikinsu kurum. Africa Check an kafa ta a Afirka ta Kudu a 2012, tana da ma'aikata a Nijeriya. Dubawa, wadda sunanta ma Hausa ne, ta fara a 2018. A ƙarshen shekarar nan kuma gidajen jaridu da dama suka haɗa kai ƙarƙashin CrossCheck Nigeria don zaɓen 2019. Galibin aikin da Turanci aka fara shi, alhali ƙaryar da ke damunmu da Hausa take yawo, cikin murya, a zaurukan WhatsApp da ba mai ganin cikinsu sai 'yan zauren. An fara samun masu yin aikin da Hausa, amma har yanzu rediyo ce babbar hanyar da gyara ke isa kunnen talaka, ko Rediyon Kaduna, ko sashen Hausa na BBC da ke watsa shiri tun 1957, ko tashoshin jihohi da na 'yan kasuwa.

Kada kuma a sa rai kamfanonin da suka mallaki kafofin nan za su ɗauke mana nauyin. Sun yi ɗan abin da suka yi. Tun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 kuma ya mai da saƙon da aka yi ta turawa zuwa wuri 1 tak. Amma a watan Janairu na 2025 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya ba da sanarwar daina aiki da masu tantance labari a Amurka. Abin da kamfani ya bayar yau yana iya janye shi gobe, ba kuwa zai shawarci kowa a nan ba.

Inda aikin ya iso ƙofarku

Ranku ya daɗe, ga roƙonmu. In ɗan jarida ya bugo waya yana tambayar wani labari da aka ce ya faru a ƙasarku, a amsa masa, a kuma amsa da wuri. Mun san al'adar sarauta ita ce kamewa, babba ba ya yawan magana, kuma ba a gaban Sarki da labari. Wannan daidai ne, ba mu ce a bari ba. A fara sanar da fada da ƙaramar hukuma da 'yan sanda kamar yadda aka saba, abin da bai wuce ɗan lokaci kaɗan ba yanzu da waya ke hannu. Amma bayan haka shirun ofis ba ya tsai da labari. Ɗan jarida zai rubuta cewa ya nemi hakimi bai same shi ba, masu jita-jita kuwa su ce, kun gani, da babu rami me ya kawo maganar rami?

Ba a bukatar dogon jawabi. Abin da ke da amfani shi ne a rarrabe abu uku a fili: abin da aka gani da ido, abin da aka ji daga dagaci ko mai unguwa, da abin da ba a tabbatar ba tukuna. Hakimin da ya ce, "Na aika an duba makarantar, yara suna cikin aji, malamin makaranta ya ƙirga su sun cika," ya kashe ƙaryar nan take. Wanda kuma ya ce, "An yi faɗa a ƙauye kaza, mutum biyu sun ji rauni suna asibiti, maganar mutuwa kuwa ban tabbatar ba, na aika a dubo, ka sāke bugowa bayan azahar," shi ma ya yi aiki babba, domin ya sa wa labarin iyaka. Wanda ya yi ɓarna shi ne wanda ya ce babu abin da ya faru alhali an yi, don gudun kada a ce ƙasarsa ba lafiya. Ran da gaskiya ta fito, ba a ƙara yarda da bakinsa, ko da ranar da ya fi bukatar a yarda da shi.

A nan dole mu faɗi wata magana da wataƙila ba za ta yi daɗi ba. Ɗan jarida ba maroƙi ba ne, ba kuma sanƙiran ofis ba ne. Wani lokaci zai bincika ya tarar labarin da ke yawo gaskiya ne, rufin asibitin ya faɗi, ko takin da aka aiko bai isa hannun manoma ba, zai kuwa buga. In aka ce duk labarin da bai gamshi hukuma ba sunansa ƙarya, to, kalmar ta lalace, ran da ƙaryar gaske ta zo ba sauran abin da za a kira ta da shi. Mutane suna yarda da shi in ya ce wannan ƙarya ne saboda sun taɓa jin ya ce wannan gaskiya ne a kan abin da manya ba su so. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an kuwa sha kukan cewa ana amfani da ita a tsare 'yan jarida. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa wa mai neman bayani a rubuce. Hukunta mai laifi aikin kotu ne. Wanda aka yi wa ƙazafi a jarida yana da hakkin ya nemi a buga amsarsa, editan kirki kuwa ba ya ƙi.

Ba mu ce duk mai riƙe da waya yana ɗaukar hoto ɗan jarida ne ba. Akwai sojojin baka da 'yan siyasa ke ɗauka haya, akwai masu buɗe shafi su sa masa suna kamar na jarida don neman mabiya. Malamin hakimi yana da ikon ya tambayi mai bugowa sunansa, da gidan da yake wa aiki, da sunan editansa, ya ce zai kira shi da kansa. Na gaske ba ya jin haushin wannan tambaya, shi ma irinta yake yi wa mutane kullum.

Ga malamai musamman

Ku ne ma'ajiyar ofis, saboda haka a buɗe shafi a kundi domin wannan. Duk jita-jitar da ta shigo gunduma a rubuta ranar da sa'ar da aka fara jinta, da bakin wanda aka ji, da wanda aka aika ya dubo, da abin da ya tarar. In saƙon waya ne kada a share shi, a ajiye, gama mai bincike zai so ya ga asalinsa. A duba samansa kuma, in akwai alamar kibiya biyu, WhatsApp ne ke shaida cewa saƙon ya bi hannuwa da yawa kafin ya iso, wanda ya aiko ba shi ya rubuta ba. Takardar da aka ce daga fada ta fito ko daga Gwamnati, a duba lambarta da kwanan wata da sa hannu, a bugo wa ofishin da aka ambata a tambaya, domin hatimi da kan takarda yanzu yaro ma yana iya kwaikwayonsu da waya.

A tanadi lambobin wakilan rediyo da na jaridu biyu ko uku da ke aiki a yankinku tun ana zaman lafiya, a san su, su san ku. In sun buga gyara, a karɓa a tura ta cikin zaurukan da ƙaryar ta bi, na dagatai da masu unguwanni, da na limamai, da na 'yan kasuwa da direbobi. In hakimi ya yarda, a naɗi muryarsa ta minti ɗaya, ya faɗi sunansa da ranar da sa'ar da yake magana, don kada a ɗauko ta baɗi a jingina ta ga wani abu dabam. Inda waya ba ta kai ba kuwa, a ba mai shela ya kewaya da ita ranar kasuwa.